SAI BANGO YA TSAGE: Yadda Masana Ke Neman Hancin Da Ba Ya Sabawa Da Warin Amoniya

Daga Wakilinmu

Duk ɗan'uwanmu da ya taɓa yin aiki a gidan kaji a bayan garin Badun ko Abekuta, ko ya yi dako kusa da injin babban ɗakin sanyi a Ijora cikin Ikko, ya san wani wari mai yaji da kan tare mutum tun daga bakin ƙofa. Warin ya yi kama da na tsohon fitsari a bakin kwata, sai dai ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba. Idanu su kawo ruwa, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, mutum ya yi tari biyu ko uku. Can bayan ɗan lokaci sai ya ji kamar warin ya tafi, ya ci gaba da aikinsa.

To, ba tafiya ya yi ba. Hanci ne ya gaji ya saba, iskar kuwa tana nan tana aikinta cikin ido da huhu. Sunan wannan iska amoniya, kuma saboda wannan hali na hancin ɗan Adam ne masana a ƙasashe da dama suka duƙufa wajen ƙera wani hanci na na'ura, mai araha, wanda ba ya gajiya. Abin mamaki a cikin labarin shi ne, da suka sami abin da ba shi da aibi ko kaɗan, sai ya kasa jin warin sosai. Sai da suka sa masa aibi da gangan sannan ya yi aiki.

INDA MUKE HAƊUWA DA ITA

Kowane ɗigo na iskar amoniya haɗi ne na ƙwayar zarra ɗaya ta naitirojin da uku na haidirojin. Wani Bajamushe, Fritz Haber, shi ya gano hanyar haɗa ta a 1909, kuma Carl Bosch ya mai da hanyar ta masana'anta, aka buɗe ta farko a Jamus a 1913. Yau duniya na yin fiye da tan miliyan 150 a shekara, mafi yawa don takin zamani. Takin yuriya da manominmu ke zuba wa masara a Funtuwa ko Saminaka da amoniya ake yin sa, kuma a nan Kurmi ake yin sa: a Onne da Eleme kusa da Fatakwal, da kuma babbar masana'antar Lekki da aka buɗe a 2022.

Ban da taki, manyan ɗakunan sanyi da masana'antun ƙanƙara da yawa da ita suke sanyaya kaya, domin ruwanta yana tafasa tun yana digiri 33 ƙasa da sifiri, ya zuƙe zafin da ke kusa da shi. A gidan kaji kuwa ba wanda ya kawo ta. Kashin kaji ne, idan ya jiƙe cikin dusar katako, ƙwayoyin halitta sukan ruɓar da shi su fitar da ita. Abin ya fi tsanani da damina, lokacin da aka sauke labule aka toshe iska.

Ita amoniya tana da son ruwa ƙwarai. Da ta taɓa danshin ido ko na maƙogwaro sai ta narke ta zama kamar ruwan toka mai ƙarfi, ta soma ƙuna. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila ta ƙayyade cewa kada ma'aikaci ya wuni, watau awa 8, cikin iskar da amoniya ta wuce kashi 25 cikin miliyan, kada kuma ya wuce minti 15 a kashi 35. A Amurka ana ɗaukar kashi 300 a matsayin hatsari ga rai nan take. Mai karatu ya lura, kashi 25 cikin miliyan daidai yake da naira 25 cikin naira miliyan ɗaya. Su ma kaji, idan ta zarce wajen kashi 25, idanunsu kan yi ciwo, numfashinsu ya lalace, girmansu ya ragu.

Wanda yake son ya san iyakar sharrinta, sai ya tuna da birnin Dakar na ƙasar Senegal. Ran 24 ga Maris, 1992, wata tankar amoniya da aka cika fiye da kima ta fashe a harabar masana'antar man gyaɗa, inda ake amfani da iskar wajen kashe dafin funfuna cikin tunkuza. Farin hazo ya bi ƙasa ya shiga unguwa. Mutum 129 suka rasu, fiye da 1,000 suka jikkata.

NA'URORIN DA AKE DA SU

Ba wai babu na'urar sansano iska ba ne. Tun 1968 wani Bajapane, Naoyoshi Taguchi, ya fara sayar da wata 'yar na'ura mai gano yoyon gas, wadda zuciyarta sinadarin nan ne da ke cikin kuzar da ake haƙa a Jos. Har yau ana amfani da irinta. Amma sai an gasa zuciyar da wuta, digiri 200 zuwa 400, kafin ta yi aiki, saboda haka tana cin batir. Bugu da ƙari ba ta cika bambanta iska da iska ba, ƙamshin fetur ko na barasa ma yakan tayar da ita.

Akwai iri na biyu mai ruwan sinadari a ciki, wadda manyan masana'antu ke kafawa a bango. Ta fi ta farko tantancewa, sai dai amoniyar da take aunawa ita ke cinye ta a hankali, don haka a wuri kamar gidan kaji, inda iskar ba ta yankewa, ba ta daɗewa. Ga kuma tsada. Abin da ake nema shi ne na'ura ƙarama wadda za ta yi aiki ba tare da gashi ba, wadda lebura zai maƙala a aljihun riga kamar biro.

TABARMA MAI KAURIN ZARRA ƊAYA

A shekarar 2004, a Jami'ar Manchesta ta Ingila, wasu masana biyu haifaffun Rasha, Andre Geim da Konstantin Novoselov, suka ɗauki girafait, watau baƙin abin nan da ke cikin fensir, suka riƙa manna masa salatif suna ɓamɓarewa. Shi girafait shimfiɗa ne kan shimfiɗa, kamar bandir ɗin takarda. Suka yi ta ɓare shi har suka kai ga shimfiɗa ɗaya tak, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya ta kabon. Sunan wannan shimfiɗa girafin, kuma saboda ita aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2010.

Siraranta ya wuce misali. Sai an jera wajen miliyan 3 sannan a sami kaurin milimita ɗaya. Ƙwayoyin kabon ɗin a jere suke, gida-gida mai kusurwa shida, kamar saƙar zuma. Tana da tsawo da faɗi, amma kauri kusan babu, shi ya sa masana ke kiran irin waɗannan abubuwa masu fuska biyu. Giram ɗaya na girafin, in aka lissafa gaba da bayansa, ya kai murabba'in mita 2,630, watau fiye da sulusin filin ƙwallo.

Ga dalilin da ya sa masu neman hancin na'ura suka yi murna. A dunƙulen ƙarfe, iska fatar waje kawai take taɓawa, cikin bai san abin da ake yi ba. A girafin kuwa babu ciki, kowace ƙwaya tana waje. Idan aka saka shimfiɗar tsakanin wayoyi biyu aka saki wuta 'yar kaɗan, duk ɗigon iskar da ya sauka a kanta yakan taɓa gudun wutar. Amoniya mai kyauta ce, takan ba shimfiɗar ɗan rabo daga ilektaron ɗinta, watau ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki. Girafin da ya sha iskar waje kuwa da guraben da babu ilektaron yake tafiyar da wuta, to da amoniya ta cike wasu guraben sai wutar ta ragu. Wannan raguwa ita ake aunawa a ce ga yawan iskar.

A 2007 mutanen Manchesta suka nuna cewa girafin yana jin amoniya, har ma suka ga alamar saukar ɗigo ɗaya tak na wata iska mai guba dangin hayaƙin mota. Duniyar kimiyya ta ɗauka magana ta ƙare.

DA AKA WANKE, SAI HANCI YA TOSHE

Ashe da sauran rina a kaba. A 2008 masana a birnin Antwerp na Beljiyam suka yi lissafi da kwamfuta, suka ga amoniya ba ta kama lafiyayyen girafin da ƙarfi, kuma abin da take ba shi na lantarki ɗan mitsitsi ne. Dalili kuwa, kowace ƙwayar kabon tana riƙe da maƙwabtanta uku, ba ta da hannun da ya rage da za ta miƙa wa baƙo. Iskar kan sauka ta zame, kamar ruwa a kan ganyen gwaza.

A 2009 kuma wasu masana a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka suka yi wani gwaji mai sauƙi. Wajen haɗa na'urar akan shafa wa girafin wani irin danƙo, wanda ragowarsa kan maƙale ko bayan an gama. Suka auna na'urar da dauɗarta, sannan suka tsabtace ta fes suka sake aunawa. Mai tsabtar sai ta kusa daina jin komai. Ashe ragowar danƙon ce ke tara iskar tana miƙa wa girafin.

Daga nan hankali ya juya. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maimakon a yi ta neman shimfiɗa marar aibi, sai aka koma tambayar wane aibi ne ya fi kama amoniya, kuma nawa ne ya isa.

IRE-IREN AIBIN

Na farko shi ne giɓi. A cire ƙwayar kabon ɗaya daga saƙar, kamar haƙori ya fita. Maƙwabtanta uku sai su rasa abokin riƙo, hannuwansu su yi ta reto, duk abin da ya zo wucewa su cafke. Sau da yawa iskar shaƙa ce ke fara zama a wurin, ita kuma sai ta zama ƙugiyar da amoniya ke maƙalewa. Ana yin irin wannan giɓi da gangan, ta hanyar yi wa shimfiɗar ruwan ƙananan ƙwayoyi masu gudu cikin wani akwati na musamman. Masana a Koriya ta Kudu sun yi haka a 2016, suka ga jin amoniya ya ninka sau da dama in an sami adadin giɓin da ya dace.

Na biyu shi ne baƙo a gidan wani. A cire kabon a sa wata ƙwaya dabam a gurbinsa. Wani lissafi da aka yi a ƙasar Sin a 2009 ya nuna cewa ƙwayar boron ce ta fi riƙe amoniya da ƙarfi. Hikimar ita ce, boron yana da ƙarancin ilektaron ɗaya in an kwatanta shi da kabon, amoniya kuwa tana da biyu da ba ta amfani da su, mai nema ya gamu da mai bayarwa ke nan. A 2015 aka yi faffaɗan girafin mai boron a Amurka, gwaji kuma ya gaskata lissafin.

Na uku shi ne ɗinki. Idan ana shuka girafin a kan farantin jan ƙarfe, yakan tsiro ne daga wurare da yawa a lokaci guda, kowane tsiro ya yi ta faɗi har ya ci karo da ɗan'uwansa. Inda suka haɗu saƙar ba ta daidaita, sai a sami gida mai kusurwa biyar ko bakwai maimakon shida, kamar ɗinkin da ke haɗa ƙwarya da ƙwarya a rigar saƙi. A 2014 masana a Shikago suka ware ɗinki ɗaya suka auna shi, suka ga ya fi tsakiyar shimfiɗar jin iska wajen sau 300.

Na huɗu shi ne baki, watau gefen da shimfiɗar ta ƙare. Nan ma hannuwa a sake suke. Shi ya sa wasu ke yanyanka shimfiɗar siri-siri, ko su huhhuda ta kamar rariya, don baki ya yawaita.

BA GIRAFIN KAƊAI BA

Bayan girafin an sami 'yan'uwansa da yawa. Akwai wanda ake ɓarewa daga wani dutse mai santsi, haɗin ƙarfen molibdenam da farar wuta, wanda masana ke rubutawa MoS2. Shi jeri uku ne, ƙarfe a tsakiya, farar wuta sama da ƙasa. Aibin da ya fi yawa a jikinsa shi ne giɓin farar wuta, wanda kan buɗe ƙarfen da ke ƙasa ya zama wurin saukar iska. Saɓanin girafin, shi wutarsa ƙaruwa take yi in amoniya ta sauka. A 2014 masana a Kalifoniya suka nuna yana jin amoniya har ƙasa zuwa kashi 1 cikin miliyan, ba tare da an gasa shi ba.

Akwai kuma dangin da aka gano a Jami'ar Drexel ta birnin Filadelfiya a 2011, ana kiransu MXene. Wanda aka fi sani a cikinsu haɗin taitaniyam ne da kabon. Da ruwan sinadari mai ci ake fitar da shi, don haka tun haihuwarsa fuskarsa cike take da ƙugiyoyi da giɓi. Yana jin amoniya da kyau, ana kuma iya dama shi a ruwa a buga shi a kan takarda ko leda kamar tawada, abin da zai iya karya farashi ƙwarai.

GISHIRI IN YA YI YAWA

Mai karatu zai ce, to tun da haka ne a yi ta huda shimfiɗar mana. A nan gizo ke saƙar. Aibi kamar gishiri yake a miya. In giɓi ya yi yawa, hanyar wutar kan lalace, na'urar ta cika da ƙugi kamar rediyon da bai kama tasha ba, har a kasa jin ɗan canjin da ake nema.

Matsala ta biyu ita ce saki. Ƙugiyar da ta kama amoniya da ƙarfi ba ta son sakinta. Iska ta wuce, amma na'ura tana nan tana cewa akwai, wani lokaci har awoyi. Na'urar da ta ƙi saki kuwa ta koma kamar hancin da ya saba, ba za ta ji yoyo na biyu ba. Ko a gwajin 2007 sai da aka ɗumama girafin zuwa digiri 150 kafin ya koma yadda yake. Yanzu wasu na haska wa shimfiɗar wata 'yar fitila mai haske irin na rana mai ƙona fata don ta saki, wasu kuma na ɗan ɗumama ta lokaci-lokaci. Ko wanne aka ɗauka, an ƙara cin batir.

Ta uku, wadda ta fi shafar mu, ita ce laima. Giɓin da ke son amoniya yana son tururin ruwa ma. A Ikko ko Fatakwal danshin iska kan haura kashi 80 cikin 100 a yawancin watanni, a Kano kuwa da hunturu yakan faɗi ƙasa ƙwarai. Na'urar da aka daidaita a busasshen ɗakin gwaji a Turai tana iya yin ƙarya a gidan kaji a Ikorodu. Laimar kuma tana cin wasu daga cikin shimfiɗun. MXene yakan yi wani irin tsatsa a hankali, wata shimfiɗa kuma da aka samo daga sinadarin fosfaras a 2014 takan lalace cikin 'yan kwanaki in ba a rufe ta ba.

Ta huɗu ita ce ta masana'anta. Yin na'ura ɗaya mai kyau a jami'a abu ne dabam, yin dubu ɗari waɗanda aibinsu ya zo daidai wa daida kuma wani abu ne. Muddin biyu daga tukunya ɗaya za su ba da amsa biyu, ba mai masana'antar da zai damƙa musu rayukan ma'aikata. Wannan ne ya sa har yanzu yawancin waɗannan na'urori suna ɗakunan bincike, tsofaffin nan biyu kuma su ke riƙe da kasuwa.

Duk da haka ba a fid da rai ba, don amfanin ya wuce na masana'anta. Kifi da nama in sun soma lalacewa sukan fitar da amoniya da danginta, saboda haka ɗan tambari a jikin kwali zai iya gaya wa mai saye a Mil 12 gaskiyar kaya tun bai buɗe ba. Haka kuma mai ciwon ƙoda numfashinsa kan ɗauki amoniya fiye da na mai lafiya, ana kuma binciken yadda za a auna wannan ba tare da ɗibar jini ba.

KAFIN SU ISO

Kafin wannan hanci ya iso aljihunmu, akwai abin da ke hannunmu. Wanda zai kama aiki a ɗakin sanyi ko masana'antar ƙanƙara, ya tambaya tun ranar farko ko da amoniya injin ke aiki, ko akwai na'urar gargaɗi a bango, yaushe rabon a duba ta, kuma ina ƙofar fita ta biyu. Wannan ba rashin kunya ba ne. Shugabannin ƙungiyoyinmu na 'yan dako da sarakunan Hausawa na Sabo da Agege da Shagamu suna iya yin wannan tambaya a madadin yaran da suke kai wa aiki, don bakinsu ya fi nauyi.

In an ji warin ya tashi farat ɗaya, ko an ga farin hazo kusa da bututu, kada a tsaya kallo, kada a koma ɗauko kaya. A duba inda iska ke kaɗawa, a ratsa ta gefe, sannan a nufi inda take fitowa, a guji rami da kwari. Jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci yana ɗan taimakawa wajen gudu, amma ba abin komawa ciki da shi ba ne. Wanda ta shiga wa ido a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, domin kumburin huhu kan iya biyowa bayan wasu awoyi.

Masu aikin gidan kaji kuma, kada su kwana cikin ɗakin kaji. A ɗaga labule iska ta ratsa, a gyara mazubin ruwan da ke yoyo, a kwashe jiƙaƙƙiyar dusa a zuba busasshiya. In kana son sanin gaskiyar ɗakin, ka fita waje na ɗan lokaci, ka dawo ka durƙusa daidai tsayin kaza ka shaƙa. In idonka ya yi yaji, to abin ya yi yawa, a gare ka da kajin baki ɗaya. In kuwa baƙo ya shigo ya toshe hanci alhali kai ba ka jin komai, ka yarda da hancinsa, ka bar naka. Allah ya kiyaye mu, ya mai da kowa gida lafiya.